Na'urar Gem: Kwamfuta Ce Da Aka Garƙame Da Kwaɗo

A wannan mako za mu tattauna ne a kan wani abu da iyaye da yawa su ke ƙyama, yara kuwa su ke so kamar ransu, watau na'urar wasan nan ta talabijin wadda a ke kira gem. Duk wanda ya san Bauchi ya san cewa daga Ƙofar Dumi zuwa Wunti, daga Jahun zuwa Yalwa, da wuya mutum ya ratsa unguwa bai tarar da ɗan shago ba inda aka jera talabijin biyu ko uku da benci, ƙaramin janareta yana ruri a waje, yara sun yi cincirindo ana buga ƙwallo da yatsu. Haka abin ya ke a Kano da Zariya da Katsina da Sakkwato, har can Maraɗi da Damagaram. Yaro ya biya kuɗinsa ya zauna, in an ci shi ya tashi wani ya maye gurbinsa, har dare ya raba su.

Maganar ɓata lokaci da lalacewar tarbiyya malamai da iyaye sun sha yin ta, kuma suna da gaskiyarsu, saboda haka ba zan maimaita ba. Abin da ya kawo ni yau shi ne ita kanta na'urar. Wannan akwati da a ke kira PlayStation, ko Xbox, ko Nintendo, kwamfuta ce cikakkiya, 'yar uwar wadda ke kan teburin akawu a banki, sai dai maƙeranta sun garƙama mata kwaɗo don kada ta yi wani aiki in ban da wasa. Yau fiye da shekara ashirin ke nan ana fafatawa tsakanin kamfanonin da ke ƙera ta da mutanen da ke sayenta a kan wannan kwaɗo. A ganina labarin ya shafe mu fiye da yadda mu ke zato, domin 'ya'yanmu ma suna cikin masu ɓalle kwaɗon, ko da ya ke akasarinsu ba su san darajar abin da ke hannunsu ba.

MECE CE BABBAR MANHAJA?

Kafin mu yi nisa ya kamata mu fahimci abu guda. Kowace kwamfuta, ta tebur ce ko wayar hannu, tarin ƙarfe ne da roba da wayoyi, ba ta iya komai sai an zuba mata umarni, wanda a ke kira manhaja. A cikin manhajojin nan akwai babba, wadda ita ce ke karɓar ragama da zarar an kunna na'ura, ita ce kuma ke tafiyar da sauran. Matsayinta kamar na sarkin kasuwa ne, shi ke nuna wa kowane ɗan kasuwa rumfarsa, ya hana wani shiga hurumin wani, ya kuma san wanda ya shigo da wanda ya fita. Windows ta kamfanin Microsoft babbar manhaja ce, haka ma Android da ke cikin akasarin wayoyinmu. Sai kuma Linux, wadda wani ɗalibi na Jami'ar Helsinki a ƙasar Finland mai suna Linus Torvalds ya fara rubutawa a shekarar 1991. Abin da ya bambanta Linux da Windows shi ne kowa yana da izinin ya kwafe ta kyauta, ya duba yadda aka rubuta ta, ya gyara ta yadda ya ga dama, muddin dai in zai rarraba ta zai bar wa na gaba irin wannan izini. Shi ya sa ta bazu ko'ina. Ita kanta Android a kan Linux aka gina ta, kuma tun watan Nuwamba na 2017 dukkan kwamfutoci 500 da suka fi sauri a duniya da ita su ke aiki.

To ita ma na'urar gem tana da tata babbar manhaja, sai dai an hore ta kada ta karɓi wani umarni sai wanda ke ɗauke da hatimin kamfani. Mutanen Bauchi ba za su sha wuyar gane wannan ba. Lokacin da Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa birnin a farkon ƙarni na 19, an kewaye shi da ganuwa aka bar ƙofofi, irin su Dumi da Wunti da Ran da Jahun, don a san mai shiga da mai fita. Haka maƙeran gem suka yi wa na'urarsu ganuwa, amma su ƙofa ɗaya suka bari, mabuɗin kuwa yana aljihunsu.

Dalilinsu na ciniki ne. Sa'ad da kamfanin Sony na ƙasar Japan ya fito da PlayStation 3 a watan Nuwamba na 2006, ya sa mata kuɗi dala 499 da dala 599, alhali masu bin diddigin farashin kayan lantarki sun ƙiyasta cewa ƙera kowace ɗaya ya ci fiye da dala 800. Watau da gangan a ke sayar da ita da faɗuwa, don a fanshe daga la'adar da kamfani ke karɓa a kan kowane wasa da aka saya. Kamar mai sayar maka da fitila da araha ne don ya san a wurinsa za ka riƙa sayen kananzir. Saboda haka duk wanda ya sayi na'urar ya mai da ita kwamfutar aiki, bai taɓa sayen wasa ko ɗaya ba, to ya ci ribar arahar ya bar kamfani da asara.

MAFARIN RIGIMAR

Abin mamaki shi ne Sony da kansa ya fara buɗe ƙofar. Bayan fitowar PlayStation 2 a shekarar 2000, na'urar da aka sayar da fiye da miliyan 160 nata a duniya, kamfanin ya haɗa wasu kaya ya sa a kasuwa, a Japan a 2001, a Amurka da Turai a 2002, a kan kuɗi wajen dala 200. A ciki akwai faifan Linux, da ma'adanar bayanai mai cin gigabayit 40, da allon buga rubutu, da linzami, da abin haɗa ta da intanet. Wanda ya sayi kayan nan sai ya mai da abin wasansa kwamfuta da yardar maƙerinta. A 2003 masana a wata cibiya ta Jami'ar Illinois a Amurka suka sarƙa guda 70 wuri ɗaya don gwada manyan lissafe-lissafen kimiyya, kuma duk aikin wajen dala 50,000 ya ci.

Microsoft kuwa bai yarda da haka ba. Xbox ɗinsa ta farko, wadda ta fito a watan Nuwamba na 2001, in an buɗe cikinta kusan kwamfutar tebur ce sak, ƙwaƙwalwarta ta kamfanin Intel ce, ga kuma ma'adana, amma an kulle ta tamau. A 2002 wani ɗalibin digirin digirgir a jami'ar MIT mai suna Andrew Huang ya haɗa wata 'yar na'ura da hannunsa, ya maƙala ta a kan siraran hanyoyin da saƙo ke bi a cikin Xbox, ya yi ta saurare har ya kama asirin mabuɗin yana wucewa. Da ya rubuta littafi a kan aikin, kamfanin ɗab'in da ya yi alkawarin bugawa ya janye don tsoron shari'a, sai ya buga abinsa da kansa a 2003. A wannan tsakani kuma wani attajiri ɗan Amurka, Michael Robertson, ya sa ladan dala 200,000 ga masu iya ɗora Linux a kan Xbox. Kafin 2003 ta ƙare an kai matsayin da a ke ɗora ta ba tare da an kwance ko noti ɗaya ba.

KYAUTA DA ƘWACE

Babban darasin dai yana cikin labarin PlayStation 3. A farkon fitowarta tana ɗauke da wani zaɓi a jerin saite-saitenta mai suna OtherOS, ma'anarsa wata babbar manhaja dabam, kuma Sony ya yi ta alfahari da cewa abin nan kwamfuta ce. Mai ita yana iya raba ma'adanarta biyu, ɓangare ɗaya na wasa, ɗayan ya zuba Linux. Ƙwaƙwalwarta kuwa, wadda a ke kira Cell, Sony da Toshiba da IBM ne suka haɗu suka ƙera ta, kuma a fagen lissafi tana da saurin da ba a samu a wannan farashi a lokacin.

Masana ba su yi wata-wata ba. A 2007 Gaurav Khanna, malamin kimiyyar fiziks a Jami'ar Massachusetts da ke Dartmouth, ya haɗa guda 8, daga baya suka zama 16, yana nazarin baƙaƙen ramukan nan na sararin samaniya masu haɗiye taurari. A ƙarshen 2010 kuma sashen bincike na mayaƙan saman Amurka da ke garin Rome a jihar New York ya ƙaddamar da wata ƙasaitacciyar kwamfuta mai suna Condor, wadda aka gina da PlayStation 3 har guda 1,760, a kan kuɗi wajen dala miliyan 2, tana iya lissafi tiriliyan 500 cikin daƙiƙa ɗaya, ana tace hotunan rada da na tauraron ɗan'adam da ita. Ku dubi wannan, jama'a. Irin akwatin da yaronku ke buga ƙwallo da shi a bayan layi, shi ne sojojin da suka fi kowa kuɗi a duniya suka ga ya dace da aikinsu.

Amma kyautar ba ta daɗe ba. A watan Satumba na 2009 Sony ya fito da sabon samfuri siriri wanda ba shi da wannan zaɓi. Sa'an nan a watan Janairu na 2010 wani saurayi ɗan Amurka, George Hotz, wanda da ma ya yi suna tun yana ɗan shekara 17 da ya kwance kullen wayar iPhone a 2007, ya ba da sanarwa cewa ya bi ta ƙofar Linux ya kutsa har cikin ɗakin da Sony ya hana shiga. Sai kamfanin ya fusata. Ran 1 ga Afrilu 2010 ya aika da sabunta manhaja mai lamba 3.21 ta intanet, wadda ta shafe OtherOS daga na'urorin da mutane suka riga suka saya suka kai ɗakunansu. An ce wai ba tilas ba ne a karɓa, amma wanda ya ƙi, to ba shi ba shiga dandalin wasa na kamfanin, ba shi ba sababbin wasanni. Mutum ya sayi abu mai amfani biyu da kuɗinsa, rana tsaka aka ce ya zaɓi ɗaya.

GARIN NEMAN GIRA

Abin da ya biyo baya shi ne abin da Bahaushe ke cewa garin neman gira an rasa ido. Gwanayen da a da ba su damu da fasa na'urar ba, domin an ba su ƙofa, yanzu sai suka ɗaura ɗamara. A watan Disamba na 2010, a wani taron masana kwamfuta a birnin Berlin na Jamus, wata ƙungiya mai suna fail0verflow ta tona cewa Sony ya yi babban sakaci wajen buga hatiminsa. Ƙa'idar lissafin ita ce duk lokacin da za a buga hatimi sai an zaɓi sabuwar lamba da ka, wadda ba a taɓa amfani da ita ba, amma Sony lamba ɗaya tak ya yi ta maimaitawa. Wanda ya sami hatimi biyu ya gwama su, sai ya ciro mabuɗin da lissafin da bai fi ƙarfin ɗalibin jami'a ba. A farkon Janairu 2011 Hotz ya baza babban mabuɗin a intanet, kowa ya gani.

Sony ya kai shi ƙara a California a wannan wata, a watan Afrilu suka sasanta bisa sharaɗin ba zai sake taɓa kayan kamfanin ba. A cikin watan na Afrilu kuma wasu ɓarayin intanet suka fasa dandalin wasan Sony suka kwashe bayanan masu rajista miliyan 77, har aka rufe shi kwana 23. Su kuwa masu na'urorin da aka ƙwace wa OtherOS sun haɗu sun shigar da ƙara tun 2010. Alƙali ya kori ƙarar a 2011, kotun ɗaukaka ƙara ta farfaɗo da ita a 2014, aka yi ta ja-in-ja har 2018 kafin a daidaita a kan dala miliyan 3.75. Bayan an cire kuɗin lauyoyi an raba saura, kowane mai ƙara ya tashi da dala 10 da 'yan kai. Shekara takwas ana shari'a ke nan.

Tun daga nan ba a daina ba. A watan Disamba na 2015 ƙungiyar fail0verflow ta nuna Linux tana aiki a kan PlayStation 4 a birnin Hamburg. A 2018 aka gano wani aibi a ƙwaƙwalwar Nintendo Switch wanda ke cikin ƙarfen kansa, ba ya gyaruwa ta intanet, har da ɗan guntun waya a ke buɗe ta a zuba mata Linux ko Android, sai da kamfanin ya sauya ƙirar sababbin da ya ke fitarwa. Daga bisani wani kamfanin Amurka mai suna Valve ya bi wata hanya dabam, a watan Fabrairu na 2022 ya fito da na'urar wasa ta hannu, Steam Deck, wadda da ma da Linux ta ke aiki, kuma ya bar wa mai ita ya zuba abin da ya ga dama. Kasuwarta ba ta mutu ba saboda haka.

MU FA INA MUKA TSAYA?

Yanzu mu dawo gida. Galibin na'urorin da ke shagunan unguwanninmu na hannu ne, waɗanda Turawa suka gama yayinsu aka loda su zuwa Legas, daga kasuwar Alaba su bazu zuwa Arewa. Kuma da wuya ka ga mai shago yana sa faifan asali, domin kuɗin wasa ɗaya na asali ya isa ya cinye cinikin kwanaki. Abin da a ke yi shi ne a kai na'urar wurin wani saurayi mai gyara, a kasuwar waya ko a wani lungu, ya yi mata abin da su ke kira hakin, watau ya ɓalle kwaɗon, ya loda mata wasanni a ma'adana. A PlayStation 2 da ɗan katin ajiya mai ɗauke da manhajar Free McBoot a ke yi, a PlayStation 3 kuwa da gyararriyar manhaja wadda asalinta daga mabuɗin nan ne da aka tona a 2010 da 2011. Ashe rigimar da aka yi a Berlin da California ita ce ke ciyar da mai shago a Ƙofar Dumi, ko ya sani ko bai sani ba.

To a nan ne takaicina ya ke. Saurayin da ya iya wannan aiki ya riga ya san abubuwan da ɗalibai da yawa ba su sani ba sai a takarda. Ya san lambar manhajar da ke buɗuwa da wadda ba ta buɗuwa, ya san yadda a ke tsara ma'adana, ya san kuskuren da ke kashe na'ura murus, ya kuma koyi duk wannan da kansa, da 'yar wayarsa da guntun Turancinsa. Yana tsaye ne a bakin ƙofar da Huang da Hotz suka shiga. Amma da ya buɗe ƙofar sai ya zuba ƙwallo da dambe da tseren mota, ya karɓi kuɗinsa, ya jira na gaba. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Su waɗancan da suka shiga, Hotz ya yi aiki da Facebook da Google, a 2015 ya kafa kamfaninsa na manhajar tuƙa mota. Hector Martin, ɗaya daga cikin 'yan fail0verflow, shi ne a farkon 2021 ya jagoranci aikin ɗora Linux a kan sababbin kwamfutocin Apple. Ba su fi yaranmu kai ba. Abin da suka samu shi ne sun tashi a inda a ke ɗaukar irin wannan ƙwaƙwa a matsayin ilmi.

Kada a fahimce ni da cewa ina kira ga makarantu su sayi na'urorin gem su mai da su kwamfutoci. PlayStation 3 ma'adanar aikinta megabayit 256 ce kacal, ko wayar Android mai araha a kasuwa yau ta ninka ta, samfurin farko kuma yana shan wuta kusan wat 200, abin da ba ƙaramin nauyi ba ne ga mai sayen fetur tun bayan janye tallafi a 2023. PlayStation 4 ta fi dama, tana da gigabayit 8, tana iya ɗaukar aikin rubutu da lissafi da shiga intanet, amma sai wadda ba a sabunta manhajarta ta wuce inda a ke iya buɗewa ba, sa'an nan wanda ya buɗe ta yana iya rasa damar shiga dandalin kamfani. Mai neman kwamfutar aiki, tsohuwar kwamfutar cinya ta fi masa sauƙi nesa ba kusa ba. Amfanin ɗora Linux a kan na'urar gem yana cikin wahalar aikin ne. Wanda ya yi ta fama har ya ga ta tashi, ya koyi yadda kwamfuta ke farkawa, da yadda manhaja ke magana da ƙarfe, da yadda a ke ba da umarni a rubuce. Wannan ilmi shi ne bankuna da kamfanonin waya ke biyan albashi mai tsoka a kansa, domin manyan kwamfutocinsu da yawa da Linux su ke aiki.

TSAKANIN NAZARI DA SATA

Tilas kuma a faɗi gaskiya ko da ɗaci. Mabuɗin da ke buɗe wa Linux ƙofa shi ne ke buɗe wa wasannin sata, kuma wannan ne hujjar kamfanoni kullum. Wanda ya zuba Linux a na'urarsa bai ci haƙƙin kowa ba, amma wanda ya kwafi wasan da ɗaruruwan mutane suka shekara suna haɗawa ya sayar, ya ci gumin wani. Mu ne ya kamata mu fi kowa sanin zafin wannan, domin mun ga yadda masu kwafar faifai suka durƙusar da 'yan fim da mawaƙa na Kano, da yadda a ke yi wa marubutanmu. A Amurka, a watan Fabrairu na 2022, an ɗaure wani ɗan Kanada mai suna Gary Bowser wata 40 saboda sayar da kayan fasa Nintendo, aka kuma ɗora masa biyan fiye da dala miliyan 14. A nan gida ma sabuwar dokar haƙƙin mallaka, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta hana karya kullen fasaha da aka sa don kare aikin wani. Ya kamata hukumar da ke kula da wannan doka ta fito ta yi wa masu gyara bayani dalla-dalla, da Hausa, inda iyaka ta ke tsakanin gyara da nazari da kuma sata, kafin a wayi gari an fara kama yaran da ba su san hawa ba ba su san sauka ba.

Akwai kuma tambayar da ta fi gem girma, watau wa ke da abin da ka saya? Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da tattauna cinikin da mai sayarwa ke gindaya sharaɗin da zai ɗaure hannun mai saye, kuma hukuncin wannan sabon salo su za mu bar wa. Su dai kamfanoni cewa su ke yi ƙarfen suka sayar maka, manhajar kuwa aro ce, kuma kowa ya san zanen aro ba ya rufe katara. Abin da aka yi ran 1 ga Afrilu 2010 ya nuna cewa duk na'urar da ke karɓar umarni daga maƙerinta ta intanet, to yana iya rage mata amfani tana cikin ɗakinka. Yau ba gem kaɗai ke da irin wannan kulle ba, har da waya da mota da injin buga takarda da tarakta. Manoman Amurka sun yi shekaru suna jayayya da kamfanin John Deere a kan 'yancin gyara taraktocinsu, har jihar Colorado ta yi doka a 2023 ta ba su wannan dama. Mu da ba mu ƙera akasarin kayan nan, sai dai mu saya, in ba mu da masu sanin cikinsu to kullum muna hannun wanda ya riƙe mabuɗi.

ABIN YI

Shawarata ta farko ga iyaye ce. In ka ga ɗanka ya fi son kwance na'ura da sanin abin da ke cikinta a kan zaman buga ƙwallo, kada ka haɗa shi da 'yan zaman banza. Nema masa tsohuwar kwamfuta ko da ta shekara goma ce, Linux kyauta ce kuma tana tashi a kan tsofaffin injuna, ka sa masa ido a kan salla da karatu, ka bar shi ya yi ta ɓatawa yana gyarawa.

Ta biyu ga masu shagunan gem. Tun 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta, amma har yau akwai yaran da ranar jarrabawa ce ranar farko da za su ɗora yatsa a kan allon rubutu, ga shi kuwa ba a fafe gora ranar tafiya. Shagon da ke da talabijin da janareta da benci ya riga ya mallaki rabin abin da a ke bukata. In mai shi ya ƙara kwamfuta ɗaya ko biyu, ya keɓe safiyar Asabar da Lahadi don koyon buga rubutu da gwajin jarrabawa, zai sami ciniki, zai kuma sami albarkar iyayen da a yau ke yi masa kallon mai ɓata musu yara.

Ta uku ga manyan makarantunmu. Bauchi tana da Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, wadda aka kafa a 1980 don fasaha, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, da ta jiha mai sunan Abubakar Tatari Ali. A Kaduna an ga yadda kwalejin fasaha ta garin ta jawo maƙeran tsohuwar kasuwar Panteka a jika, don a auna gwanintarsu a ba su takardar shaida. Me zai hana a yi wa masu gyaran waya da gem na Bauchi haka? A shirya musu kwas na 'yan makonni da yamma, da Hausa, a kan Linux da tushen rubuta manhaja da dokar haƙƙin mallaka, a ba wanda ya ci takarda. Ɗakunan karatu suna nan, malamai suna nan, ɗaliban kuwa ba sai an yi cigiyarsu ba, suna zaune a rumfunansu da sukuddireba a hannu, kuma rabin karatun sun riga sun yi shi da kansu.

Allah ya shirya mana zuriya, ya ba su ilmi mai amfani. Sai mun sadu a mako mai zuwa in Allah ya kai mu.